Taransifomar injin tana da zafin Afrilu a Birnin Kebbi

Asabar 5 ga Afrilu 2025

Alhamdulillahi injin ya iso jiya bayan la'asar. Injin tana ne na sassaƙar ƙarfe, tsoho na Turai irin mai nauyin nan, daga Panteka ta Kaduna na sawo shi tun kafin sallah amma sai yanzu anka samu motar da za ta ɗauko, sun biyo ta Sakkwato da Argungu, kwana biyu a hanya. Saukewa kaɗai sai da munka tara ƙarti takwas da cen bulok na aro, dubu 25 sunka ci ban da ruwan leda. Na ce bari in riƙa rubuta abin da ake ciki, don rabin kuɗin wanga inji bashin kawu ne, kuma burina kafin shinkafar rani ta gama shigowa injinan casa in fara karɓar aikin shaf da bushi da fuli. Motonsa kilowat 4 ne, tiri fes.

Litinin 7 ga Afrilu

Mun daidaita zamansa kan siminti, mun zuba sabon mai a giyabos, mun ja masa waya. Kunnawar farko baya ya juya, na musanya layi biyu ya dawo daidai. Waya da bireka dubu 48.

Laraba 9 ga Afrilu

Yau munka fara cin ƙarfe na gwaji, wajen awa uku yana aiki lafiya lau. Bayan azahar na kashe bireka za mu ci abinci, sai yarona ya buɗe akwatin wutar da ke bayan injin wai zai ɗauko sifana da ya ɓoye ciki, hali ne da na yi faɗa har na gaji bai bari ba. Ban ankara ba sai ihu, "Oga! wagga aba wuta za ta kama hwa!" yana yarfe hannu.

Taransifomar da ke cikin akwatin ce ya goga. 'Yar ƙarama ce, tafin hannu biyu sun rufe ta, amma ita ce ke riƙe da komai. Tana ɗaukar wuta daga layi biyu, bolt 400 da 'yan kai, ta sauke zuwa 110 don kontaktoci uku, wato makunnan da ke haɗa wa moto wuta, ta gaba da ta baya da ta famfon ruwa, sannan akwai wani kai na bolt 24 na fitilar da ke haska aiki. In ta mutu moto lafiyarsa ƙalau amma ko ka danna maɓalli har gobe ba abin da zai motsa.

Na ɗora yatsa a kan ƙarfenta ban yi daƙiƙa ɗaya ba na janye. Kuma akwai wani ɗan wari kamar na banish in rana ta dake shi. Gabana ya faɗi wallahi. Na kira wani abokin sana'a ya ce kawai in nemi sabuwa, irinta za ta kai dubu 65 zuwa 70 kafin ta iso. Ni da ko sisi injin bai kawo ba tukuna. Ban sake kunnawa ba yau.

Alhamis 10 ga Afrilu

Da sassafe na je na ɗauko Baba mai rewaya a mashin, shi ne ya koya wa ogana aiki, to ni jika nake a wajensa. Ya ce in kunna ta yi awa biyu tukuna, ya zauna kan benci yana shan shayi kamar ba abin da ya kawo shi. Da lokaci ya yi ya sa na kashe bireka, ya lasa yatsa ya ɗan taɓa ƙarfen yana kasa kunne. Ya sake. Ya ce "Miyau bai yi ƙara ba, ba ta kai ɗari ba."

Na ce Baba amma fa hannu ba ya zama a kai.

Ya ce "To mi kaka so ta yi, sanyi kamar randa? Hannunka nama na, ita kau ƙarhe na da tagulla. Karanta min abin da anka rubuta ga jikinta, idona ba shi gani."

Na goge farantin da tsumma na haska da waya. 160 VA wato iyakar kayan da take iya ɗauka, 50/60 Hz wato yawan bugun wuta a daƙiƙa, sai wani rubutu ta 40°C/B. Wanga na ƙarshen shi ne maganar duka. Harafin B ajin rufin wayar ne, wato banish da takardar da ke tsakanin kwayil (naɗin wayar tagullar cikinta), kuma kowane aji da iyakar zafin da zai ɗauka: A digiri 105, E 120, B 130, F 155, H 180. Lamba 40 ɗin kuma ita ce zafin iskar da ke kewaye da ita wanda anka yi lissafi da shi. Ga mai aji B ana barin wajen digiri 10 saboda can tsakiyar kwayil ya fi ko'ina zafi, to sai ya zama kwayil ɗin na iya hawa digiri 80 a kan 40, ya tsaya wajen 120, kuma duk wannan aikinta ne na yau da kullum. Shi kuwa hannun ɗan Adam, ƙarfe na kaiwa 60 ya gama, ƙidaya biyar ba ka yi a kai. Ashe tsakanin inda hannu ke sallamawa da inda ita take sallamawa akwai tafiya mai nisa.

Na ɗan ji sanyi a raina. Amma da zai tafi ya sunkuya ya sunsuna akwatin ya ce "Warin ga dai ban so shi ba. Ka nemi abin awo, kar ka yi ta da ka." Na ba shi dubu 5 ya maido min dubu 3 ya ce in sai wa yaro man ƙuna.

Juma'a 11 ga Afrilu

Na aro bindigar gwajin zafi irin ta lokacin korona wajen mai kemis na maƙwabta. Na saita ta a taransifoma ta rubuta HI. Na saita a murfin akwati, HI. Na saita a bangon shago na yamma shi ma HI, sai goshin yarona kaɗai ta yarda ta ba da lamba. Ta jikin mutum ce, da an wuce 42 da ɗoriya ta daina magana. Na mayar masa da abinsa, na tura dubu 19 Kano a sawo min ta masu aiki.

Talata 15 ga Afrilu

Bindiga ta iso jiya ta hannun direba, dubu 2 kuɗin saƙo. Abin farko da ta koya min shi ne tana ƙarya a kan ƙarfe mai ƙyalli. Na auna ƙafar taransifomar inda ƙarfen ke walƙiya ta ce 58, na matsa kaɗan inda banish ya yi baƙi ta ce 80 da wani abu, wuri ɗaya fa. Sai na manna baƙin tef na masu wayarin a saman ƙarfen, na manna wani a jikin bangon akwatin daga ciki, daga yau nan kaɗai zan riƙa aunawa don lissafi ya zama ɗaya.

Na kunna ƙarfe 8 na safe. Ƙarfe 9 tana 66, ƙarfe 11 tana 83, ƙarfe 1 tana 91, ƙarfe 3 ta kai 94 ta tsaya nan. Cikin shago a lokacin 44, ƙarƙashin kwano ba silin, cikin akwatin kuma 53. Wato tun kafin ta yi nata zafin an riga an ci mata digiri 13 daga 40 ɗin da Bature ya yi mata lissafi da shi. Wanda ya ƙera ta bai taɓa yini a Kebbi cikin Afrilu ba.

Abin da ya fi ɗaure min kai, da yamma na bar bireka a kunne ban tada moto ba, fitila ma a kashe, ina ta waya da wani Alhaji mai injin casa kusan awa biyu muna ciniki da jiran ya turo hoton shaf ɗinsa. Da na dawo na auna tana 78. Ba ta ɗauke da kayan komai amma tana wanga zafi. Na san taransifoma na ɗumi ko ba kaya, don ƙarfen cikinta na shan nasa muddin akwai wuta, wayar ce kaɗai zafinta ke bin nauyin kaya. Amma 78 a zaune ya yi yawa, kuma tana wani gurnani da ake ji daga bakin ƙofa.

Alhamis 17 ga Afrilu

Bindiga waje take gani, ni kuma ciki nake son sani. Akwai hanyar da ake bi ta om ɗin waya, wato awon yadda take turje wa wuta, don tagulla in ta yi zafi om ɗinta na ƙaruwa a kan ƙa'ida sananniya. Ka auna tana sanyi ka rubuta tare da zafin wurin, ka auna tana zafi, sai ka raba na zafi da na sanyi, ka ninka da 234.5 haɗe da zafin safe, ka cire 234.5. Abin da ya rage shi ne zafin kwayil.

Na zo shago bayan asuba, injin ya kwana a kashe, wurin na 31. Na kashe bireka na gwada da testa, na zare fis biyun da ke gaban taransifomar don kar mita ta bi ta wani wuri ta ba ni lambar banza. Na fara haɗa bakin wayoyin mitar da juna ta nuna 0.3, wannan na wayarta ne dole a riƙa cire shi. Kwayil ɗin shiga ya ba da 24.0 bayan cirewa.

Munka yi aiki har ƙarfe 3, bushi huɗu na yi na wani mai injin niƙa, kuɗin farko da injin ya kawo, dubu 14. Sannan na shirya yaro da mita a hannu, don da an kashe take fara hucewa, in ka tsaya neman sukurudireba minti biyar lissafin ya lalace. Na kashe, na gwada, na zare fis, ya ɗora. 32.0.

32 a raba da 24, a ninka da 265.5, ya ba da 354, a cire 234.5, saura 119.5. Na sake bugawa a waya sau uku. Mitar tawa ta araha ce, kowane 0.1 da ta yi kuskure digiri ɗaya ne, to a ce tsakanin 117 da 122. Bakin iyaka cif. Ba ta ƙone ba, gobe ma ba za ta ƙone ba, amma masu sana'a na da wata ƙa'ida ta kusan-kusan cewa duk ƙarin digiri 10 a kan iyaka na raba kwanan rufin waya biyu, kuma wagga ta riga ta tsufa, takardar jikinta ta koma ruwan goro. Baba ya yi gaskiya ta fuska biyu, ba ta kai ɗari a waje ba, kuma warin ba na banza ba ne.

Asabar 19 ga Afrilu

Na gano, kuma kunya ta kama ni don abu ne da ya kamata in duba ranar da na ja waya.

Gefen shigar wutar yana da bakin ɗaura waya biyar a jere, 0, 380, 400, 415, 440. Ƙura da baƙin mai sun rufe lambobin sai da na kankare da tsohon buroshin haƙori. Wayar na kan 380. Ba laifin kowa ba ne, a Turai da can 380 suke amfani da shi kafin su koma 400, injin da haka ya baro gida. Na auna wutar layinmu ƙarfe 7 na safe, 428 tsakanin layi da layi. Wato ana ɗura mata kusan kashi 13 cikin 100 fiye da abin da wancan bakin ke so. Ƙarfen taransifoma kamar soso ne, akwai inda yake ƙoshi, in ka wuce nan sai ta riƙa jan wutar banza tana mayar da ita zafi da gurnani. Shi ya sa take 78 a zaune. Gefen fita kuma maimakon 110 ina samun 124, kontaktocin ma ana gasa su ke nan ban sani ba.

Matsala ta biyu fitila ce. Na buɗe kan fitilar na tarar wani ya cusa ƙwan hedilan na babbar mota, H4 mai bolt 24, wat 70, an ɗaure da waya. Haske kam kamar rana, har ina yaba shi. Amma a farantin an raba 160 ɗin gida biyu, 100 na gefen 110, 60 na gefen 24, wato amfiya 2.5 ne iyakarsa. Na maƙala kilam mita ta nuna 3.1. Na cire shi na sa ƙwan sigina na tirela mai wat 21, naira 700, hasken ya ragu amma ana ganin bakin wuƙa.

Na mayar da wayar kan 415. Gurnanin ya faɗi nan take, sai ka kai kunne kusa. Fita ta dawo 113.

Litinin 21 ga Afrilu

Yau na kusa jefar da mita. Bindiga ta ce 73 a waje, ragin digiri 21, ina ta murna. Na auna om ƙarfe 3 ya ba ni 32.7, na buga lissafi ya fito 127. Ya za a yi waje ya huce ciki ya ƙaru? Na zauna na rasa abin da ke min daɗi, har na fara tunanin ko kwayil ya fara haɗewa daga ciki, na kira abokina na ce ya tambayo min farashin sabuwar da gaske. Sai a sallar magariba, Allah Ya yafe min, ina tsaye a sahu abin ya faɗo min. Na canza baki. Daga 0 zuwa 415 wayar ta fi tsawo a kan 0 zuwa 380, ni kuma na raba da 24.0 na tsohon baki.

Talata 22 ga Afrilu

Awon sanyi a sabon baki 26.5, wuri na 30. Da 32.7 na jiya ya kama digiri 92. Daga 120 zuwa 92 da naira 700 da juya sukuru ɗaya. Na kira abokina na ce a bar maganar.

Alhamis 24 ga Afrilu

Murna ta koma ciki. Shaf ɗin Alhaji mai casa nake yi, ƙarfen nasa ne ya kawo, na kai wajen zaman boris ina cin na ƙarshe a hankali, wajen ƙarfe 2 da rabi lokacin da kowa ya kunna fanka da firiza da injin ƙanƙara, sai na ji akwati ya ɗauki kakakakaka kamar ana buga gwangwani. Moto ya saki ya kama ya saki ya kama, kafin in kai hannu in janye wuƙa ta caki ƙarfen ta yi masa rami daidai inda boris zai zauna.

Na auna layi, 352. Da safe 428, da rana 352, layi ɗaya. A bakin 415 wannan na nufin kontakta na samun bolt 93 ne kawai, ita kuwa an yi ta ta kama daga kashi 85 cikin 100 na 110, wato 93 da rabi. Ta tsaya a bakin gaɓa tana kakkarwa. Kuma kakkarwar nan mugun abu ce, don kwayil ɗin kontakta lokacin da take ƙoƙarin kamawa yana jan wuta kusan ninki goma na lokacin da ta riga ta kama, sai ta ƙara danne taransifomar wutar ta ƙara faɗuwa. Na buɗe ta gaban, bakunan sun yi baƙi sun yi ƙuraje.

Alhaji ya zo da la'asar da kansa. Na nuna masa ban ɓoye ba. Ya juya shaf ɗin ya ce "Malam, ni buhu ɗari biyu na mutane ke jibge suna jirana." Na ce Alhaji a yi min haƙuri zuwa Asabar, ƙarfe a wuyana. Na so in cike ramin da walda in sake ci amma wajen boris ne, ga shi walda na iya karkatar da shi, in ya dawo min da shi bayan sati sunana ne ya ɓaci tun ban fara ba. Sabon ƙarfe dubu 31, kontakta dubu 16. Ribar sati biyu ta tafi.

Taransifomar nan ta zama ƙadangaren bakin tulu. A bar ta a 380 ta dahu da safe, a kai ta 415 ta saki kontakta da rana. Na sa ta a 400. Da wutar safe ƙarin kashi 7 ne, za ta iya, da 352 kuma fita na kusan 97, kontakta za ta riƙe. Kuma na kafa doka, na ɗaura ƙaramar mita a bango, in ta sauka ƙasa da 360 ba a cin na ƙarshe, ko a jira ko a tada janareta. Moton ma ba son wagga wuta yake ba.

Asabar 26 ga Afrilu

Shaf ya fita, boris ya zauna da ɗan bugu kaɗan yadda ake so. Alhaji ya biya bai rage ko naira ba, Allah Ya saka masa. A bakin 400: sanyi 25.5, zafi 31.9, kwayil 96, waje 77.

Laraba 30 ga Afrilu

Fuli biyu, bushi shida, zaren wani dogon noti. Ba labari. Na ba kawu dubu 40.

Litinin 5 ga Mayu

Tun jiya ba wuta, munka tada janareta. Na maƙwabcina mai walda ne muke haɗa kuɗin gas. Wajen azahar na ji gurnanin nan ya dawo, bindiga ta ce 85, alhali mitar bango na nuna 402 lafiya lau. Na juya mitata zuwa Hz ta ce 46 maimakon 50. Na zagaya baya na tambayi yaron mai walda, ya ce ai makanike ne ya rage masa gudu wai don ya rage shan mai.

Janareta irin wanga sai ya yi juyi 1500 a minti yake ba da 50, a 46 yana 1380 ke nan. Ita kuwa taransifoma abin da ya dame ta shi ne bolt a raba da Hz, in Hz ya sauka bolt na nan daidai yake da an ƙara mata wuta, ragin nan kamar ƙarin kashi 9 ne. Irin ciwon bakin 380 ne ya biyo ta wata ƙofa. Dalili ɗaya ne ke sa kayan Amurka da anka yi don 60 kaɗai suke zafi a wutarmu ta 50.

Sai da munka yi 'yar muhawara da maƙwabcin, ya ce shi waldarsa ba ta gaya masa komai ba. Na ce yaya taɓa injin waldar ka ji. A ƙarshe na ce zan ƙara lita biyu a kasona duk ranar da anka tada, ya yarda, makanike ya zo ya mayar 50 da ɗigo 5 ba kaya, in an ɗora kaya ya zauna 50. Dubu 3. Bayan awa biyu ta sauko 76.

Asabar 10 ga Mayu

Ranar akwati. Tunda ciki na 52 zuwa 53 kullum alhali shago na 44, na san iska ba ta fita. Na kwance shi gaba ɗaya. Ramukan iska na ƙasa gidan zanzaro ne ya toshe su, laka ta bushe kamar siminti, na sama kuma wani ya liƙe da kwali da gam tun can, ƙila saboda ƙura. Ga busasshen ƙadangare a bayan fis, ko na Kaduna ne ko na Turai oho.

Na fasa gidan zanzaro, na cire kwali, na hure ko'ina da bulowa. Na yanka rami a ƙasan murfi na sa fanka 'yar inci 4 mai bolt 220 tana tura iska ciki, zafi ya fita ta sama. Da farko na yi niyyar sa mai 110 in ɗauka daga taransifomar, sai na ga wauta ce in ƙara mata kaya don in sanyaya ta, na ja mata waya daban daga soket. Gaban fankar na sa ragar sauro ninki biyu da siririn soso, don ɓarɓashin ƙarfe in ya shiga akwatin wuta abin da zai biyo baya ya fi zafi muni. Wanke soson duk Juma'a aikin yaro ne, sifana kuma na ce in na sake ganin ta ciki shi da ita za su koma gida.

Sannan munka ɗaura zana biyu ƙarƙashin kwano daidai saman injin, da wata a bangon yamma daga waje inda rana ke duka bayan azahar. Fanka dubu 8 da 500, zana uku dubu 6, soso da raga dubu 1.

Talata 13 ga Mayu

Shago 43, akwati 46, jikin taransifoma 66. Sanyi 25.4 a 29, zafi 30.6, kwayil 83. Warin banish ya tafi. Har yanzu in ka ɗora yatsa ba ka ƙidaya uku, yarona ya gwada ya ce "Oga har yau da zahi hwa", na ce ta bar shi haka, saura digiri 37 tsakaninta da iyaka.

Baba ya biyo zai wuce kasuwa na nuna masa littafin. Ya sa na karanto masa lambobin tun daga 119, ya sunsuna akwatin, ya ce in ba shi aron bindigar ranar Alhamis akwai wani moton famfo da yake zargi.

Alhamis 22 ga Mayu

Daren jiya hadari ya taso da iska da ƙura, anka ɗan yi yayyafi, zanar bangon yamma ta tafi gidan maƙwabta sai da safe anka miƙo ta ta katanga. Soson fanka ya yi ja wur cikin dare ɗaya, mun wanke. Yau garin da sauƙi, shago 37, taransifoma 59.

Na rage awo zuwa sau ɗaya a sati da bindiga, na om kuma sai in waje ya wuce 80 ko na ji wari ko gurnani. Abin da taransifomar ta ci tun farko, bindiga da saƙo dubu 21, Baba dubu 2, ƙwai 700, kontakta dubu 16, ƙarfen Alhaji dubu 31, makanike dubu 3, fanka da zana da soso dubu 15 da 500, jimla dubu 89 da 200. Ya fi kuɗin sabuwar, amma da sabuwar na saya da a bakin 380 zan ɗaura ta in bar mata ƙwan hedilan.

Saura in rufe bayan akwatin da roba kafin ruwa ya kankama, don kwanon wajen na ɗiga. Bayan babbar sallah in Allah Ya kai mu zan nemi rile mai yanke wuta in layi ya faɗi ko ya hau ko fes ɗaya ya ɗauke, mitar bango sai mutum na kallonta take amfani. Kawu saura dubu 310. Gobe akwai shaf biyu daga Kalgo.